Solar Baba Sirajo a Inuwa

Shekara talatin Baba Sirajo na Magarya yana cin rani a bukka kusa da dam ɗin Goronyo, yana noman albasa, da dare kuma sai fitilar kananzir mai hayaƙi. Bana ɗiyarsa Nafisa ta kawo masa ƙaramin faifan sola da ƙwan fitila. Shi kuwa ba ya barin abu mai daraja cikin rana, ko albasa lulluɓe ta yake yi. Sai ya ɓoye faifan ƙarƙashin zana. Kwana uku babu wuta, yana ta faɗa wai an cuci yarinya.

Da Nafisa ta dawo ta ce, "Baba, mi ya kai shi inuwa? Rana yake ci!" Ta fito da faifan ta shanya shi a rana.

Yanzu a bukkarsa manoma ke cajin waya. Yakan harari rana ya ce, "Kin daɗe kina gasa ni, yau ke ma ki yi aiki."