'Yan Kokawar Japan da Tocilar Baba

Har yau ban manta da ranar da na hana wani tsoho kunna tocila ba. Ku sababbin ma'aikata kuna ganin ciwon ƙafa ne wahalar aikin nan. To ni a wurina abin da ya fi gajiyar da mutum shi ne cewa a'a daga safe har yamma.

A lokacin ina gadin ɗakin nuni a wani ƙaramin gidan zane a nan ƙasar Turawa, kusa da titin Aldwych. An kawo tsofaffin hotunan Japan, irin waɗanda ake sassaƙa zanen a jikin katako, a shafa tawada, a danna takarda a kai, kowane launi da nasa katakon. Akwai 'yan wasan kwaikwayo masu zare ido, da mayaƙa da takubba, sai bangon ƙarshe na 'yan kokawa. Launin nan ba ya shiri da haske, yana koɗewa, kuma in ya koɗe ya tafi ke nan. Shi ya sa ake rage fitilun ɗakin kamar bayan magariba. Aikina in tsaya a duhun nan ina hana mutane haska waya.

Wata Alhamis ce cikin hunturu, na taso daga unguwarmu Abbey Wood tun da duku-duku, ƙafafuna duk sun kumbura. Sai ga wata mata da kayan aikin jinya a ƙarƙashin kwat, riƙe da hannun wani dogon tsoho mai faɗin kafaɗa. Ta karanta sunana a ƙirjina, ta yi mini Hausa. Mahaifinta ne, ta ɗauko shi daga Sakkwato don a yi masa aikin hawan jinin ido, likita kuma ya ce ɗan ganin da ya rage ba zai daɗe ba. A ƙuruciyarsa ɗan kokawa ne. Tun da ta ba shi labarin akwai hoton 'yan kokawar Japan ya hana ta sakat, har sai da ta yi musu booking ɗin tikitin shiga.

Ta kai shi gaban hoton. Ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashi, ya karkata kai dama da hagu. Can sai ya laluba aljihu ya ciro tocila.

Na ce, "Baba, yi haƙuri, ba a kunnawa."

Ya ce, "'Yata, kaɗan kawai. In ga ƙafafunsu."

'Yarsa ta ce, "Anti, don Allah. Ba zai sake samun wannan chance ɗin ba."

Na koma gefe na kira shugabar shif ɗinmu ta rediyo. Ta saurare ni tsaf, ta ce ta tausaya, amma hotunan aro ne, sharaɗin masu su ke nan, ko ita ba ta da iko. Gaskiya ta faɗa, na sani. Raina dai ya ɓaci, na ji na tsani rigar da ke jikina.

Na dawo na gaya masa. Ya mayar da tocilar aljihu bai yi musu ba, sai ya ce, "To ke da kike gani, faɗa mini."

Nan kunya ta kama ni. Ƙarti biyu ne tiƙa-tiƙa, ba komai a jikinsu sai bante, ni kuwa in tsaya ina siffanta wa sa'an ubana! Na fara da alƙalin da ke gefe riƙe da mafici, na koma kan 'yan kallo. Ya katse ni.

"Bar alƙali. Ina hannun na dama yake?"

Na ce ya cusa shi ta ƙarƙashin hammatar ɗayan, ya damƙi banten ta baya.

"Na hagun fa, dugadugansa na ƙasa?"

Na duba. Wata da watanni ina tsaye gaban hoton nan ban taɓa lura ba. Na ce ɗaya ta ɗaga.

Ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Ya faɗi! Wallahi ya faɗi!" Duk mutanen ɗakin suka waiwayo. A ƙa'ida sai in ce ya rage murya. Ban ce ba.

Da zai tafi ya tambaya ko hoton zai daɗe a nan, wai ko bayan aikin ido zai dawo. Na gaya masa gaskiya: ƙarshen wata za a sauke su, a kwantar cikin akwati, su yi shekaru suna hutawa a duhu.

Ya ɗan yi dariya ya ce, "Ashe tare za mu shiga."

Ban sake ganinsa ba. Dokar nan daidai ce, ko gobe zan hana, ku ma ku hana. Amma in kun ce wa mutum a'a, kada ku koma kusurwa ku harɗe hannu, ku tsaya ku ji abin da ya kawo shi. Shi ƙafafu ya zo gani, ni kuma nake da idon.