Mai Yi Wa Kwamfuta Fifita

A wani ƙaramin asibiti a Birnin Kudu, ga wani siririn injiniya durƙushe gaban kwamfutar da ke riƙe bayanan majinyata, yana yi mata fifita da hularsa. Ya ƙara mata faifan ajiya na biyu, don in ɗaya ya mutu, ɗayan ya riƙe komai. To fa, sabon bai gama kwafa ba, tsohon yana ta ƙas-ƙas kamar zai mutu, janareta kuma sai tari yake.

"Injiniya, da saura?" in ji Sista Kubra.

"Sista, ko taɓa ta ba na iyawa. Sai jira."

Yadda yake kaɗa hular nan, ka san ya taɓa zaman jinya. Hannun ya gaji, ya mayar da hular ɗaya hannun.