Ma'ajiyar da Ba Ta Ajiye Komai

Baba Ma'aji bai taɓa shiri da kwandon shara ba. A ƙarƙashin gadonsa akwai akwati guda cike da cajojin wayoyin da suka mutu tun ana yayin masu maɓalli, da murafen da tukwanensu suka daɗe da barin duniya. Matarsa takan ce da ana ajiye atishawa, da tuni ya samo mata gwangwani.

Sai Allah ya haɗa shi da aikin da ya dace da halinsa. Wani ɗan kamfani ne a saman bene, ƙasansa masu gyaran firji, inda ake ƙera manhajar kwamfuta. Aikin manhajar guda ne: duk gyaran da mutum ya yi wa aikinsa, ta ajiye na yau, ta ajiye na jiya, ta ajiye na bara, don in ya yi ɓarna ya samu hanyar komawa baya. Ɓangaren ajiyar kuwa, Baba ne ya rubuta shi tun gashin kansa yana baƙi, daga nan ma sunan ya bi shi. Tsarinsa shi ne kowane ɗan gyara a ba shi fayil nasa shi kaɗai, kamar a gina wa kowace allura ɗaki. Ba wanda ya taɓa kawo ƙarar ɓatan kaya. Sai dai in aiki ya yi girma, kana iya danna maɓalli ka sauka ka gaisa da masu firji, ka dawo ka tarar tana nan tana nishi.

Ana nan sai Dogo ya ƙera sabuwar ma'ajiya, mai zuba komai a jere cikin babban fayil guda. Dogo ƙanin matar Baba ne, kuma Baba ne ya yi ta safa da marwa wajen Oga mai kamfanin har aka ɗauke shi aiki.

"Wannan shi ne tukuicina?" in ji Baba.

"Ai taimakonka na yi, Baba. Tsohuwar nan taka ta kai a ba ta sanda."

Matsalar ita ce babu inda za a jona sabuwar. Duk lokacin da mutum ya buɗe sabon aiki, manhajar ba ta tambayar kowa, wajen ma'ajiyar Baba take nufa kai tsaye, kamar fankar da aka haɗa wayarta cikin bango ba fulogi. Oga ya kira su biyun ya ce a yi wa manhajar soket, yadda kowace irin ma'ajiya za ta iya shiga. In an gama a yi musu tsere. Wadda ta ci, ita za a riƙa ba duk wanda bai zaɓi komai ba.

Baba ya san mutane ba sa zaɓa. Abin da suka tarar shi suke ɗauka. Wadda ta faɗi a tseren nan, sunanta kawai zai rage a jerin.

"Wa zai yi soket ɗin, Oga?"

"Wa ya san inda wayoyin suka bi in ba kai ba, Baba?"

Haka aka ba mutum aikin sassaƙa ƙofar da za a fitar da shi ta ciki. Ya yi gunaguni, amma bai iya aikin ha'inci ba. Ya bi layi-layi yana zaro duk inda tsohuwar ta yi jijiya. Wani wurin sai ya tarar da saƙon da ya bar wa kansa shekaru da dama, wai a gyara nan in an samu lokaci. Ya zagi wanda ya rubuta, sannan ya gyara.

Da ya gama, yana son ya tabbatar soket ɗin ba ya nuna son kai, sai ya haɗa wata 'yar ma'ajiya ta bogi don gwaji. Ita wannan in ka ba ta kaya sai ta ce ta karɓa, ta riƙe a kai, da zarar an rufe manhajar kuma ta manta har da sunanka. Ya jona ta, ta shiga daidai, ya ji daɗi, ya tafi gida bai cire ta ba.

Ranar tsere da safe aka taru gaban babban allo. Oga ya sa a gwada duk abin da ke jone. Maimakon layi biyu sai ga uku. Ta Baba tana rarrafe. Ta Dogo ta wuce ta da nisa. Ta ukun kuwa kafin Oga ya kai kofi bakinsa ta gama, kuma ko gwaji ɗaya ba ta faɗi ba.

"Wannan ta waye?" in ji Oga.

Baba ya gyara zama. "Tawa ce, Oga."

"Ashe ɓoye mana ka yi. Tsufa dai ba wasa ba. An gama magana, ita za mu sa."

Dogo ya tsaya baki buɗe, tsawon nan nasa duk ya zama na banza. Baba ya dube shi, ya ji wani sanyi a ransa irin wanda ya daɗe bai ji ba. Ya bari aka tafa masa. Har ya ɗaga hannu kaɗan.

"Baba, a ina take zuba kayan?" in ji Dogo. "Na duba ban ga fayil ko ɗaya ba."

"Ka yi ta dubawa, yaro."

Sai Oga ya ce a tura wa masu saye kafin ƙarshen mako. Baba ya tuna da mutanen da za su yi wata guda suna aiki, su kashe kwamfuta, su wayi gari ba ko ɗigo. Ya ja numfashi.

"Oga, akwai 'yar magana. Ba ta ajiye komai."

"Kamar yaya?"

"Kamar yadda na faɗa. Shi ya sa take sauri. Kai ma in ba ka ɗauki kaya ba ai za ka riga kowa."

Oga ya zauna a hankali. "To yaya aka yi ta ci duk gwaje-gwajenmu?"

Nan ne Baba ya soma sosa ƙeya, don gwaje-gwajen ma shi ya rubuta su tun farko. Duk cikinsu babu wanda yake rufe manhajar ya sake buɗewa. A ba da kaya ne, a tambaya nan take, a ce madalla. Bai taɓa zuwa masa a rai ba cewa abin da aka ajiye zai iya tafiya.

"Wato shekarun nan duk," in ji Dogo, yana nufin yayarsa matar Baba, "addu'ar Yaya ce take riƙe da kamfanin nan."

Baba ya ce, "Rufe mana baki. Kai ma da gwaje-gwajen nan aka auna taka."

Aka gyara gwajin a ranar: a ajiye, a rufe, a buɗe, a nema. Ta bogi ta faɗi tun a matakin farko. Ta Baba ta kawo komai cif, a hankali, kamar mai ciwon gwiwa. Sai aka zo kan ta Dogo. Baba ya matso da kujera ya kafa wa allon ido, yana fatan ko ɗan wasali ɗaya ya ɓace. Babu abin da ya ɓace.

Layi ɗaya ne za a canja don sabuwar ta zama ta kowa. Dogo ya miƙa hannu, Baba ya buge shi.

"Matsa. Ni na yi soket ɗin."

Ya goge sunan tasa, ya rubuta na Dogo, ya duba sau biyu kada ya yi kuskure, ya tura.

Suna saukowa daga bene Dogo ya ce, "To me zan ce wa Yaya in ta tambaya?"

"Ka ce mata mijinta ya zo na ɗaya, ya kuma zo na uku. Ƙaninta ne ya maƙale a tsakiya."