Malam Na'Allah, Mai Ƙirga Kututture

Malam Na'Allah ba ya zuwa ranar da ake jiransa. In an gaya wa hakimi Talata zai iso, to Litinin da hantsi za a gan shi a bakin hanya a kan tsohon kekensa, da salkar ruwa da jakar garin gero a ɗaure a baya. Shekara ashirin da shida yana haka tsakanin Jabo, Tambuwal, Dogon Daji da Kebbe. Aikinsa shi ne ya duba ko kuɗin da aka fitar daga baitulmali don hanya da gada sun sauka a kan hanya da gada, ko kuwa sun yi ɓatan kai sun faɗa aljihun wani. Ba ya ƙarƙashin hakimi, ba ya ƙarƙashin wakilin ayyuka, rahotonsa wurin odita, mai binciken kuɗin hukuma, yake tafiya a Sakkwato. Bana, 1957, ya ajiye aiki, ba wanda ya yanka masa ko zakara.

Ba ya cin abincin garin da ya je bincike. A kai masa akushi da kaza, ya yi godiya ya sa a mayar, ya dama garinsa ya sha. Wasu suka ce sammu yake tsoro, wasu suka ce ɗan rahoton Nasara ne, wasu suka ce bai dai ga farashinsa ba tukuna. Shi ma ba ya raga musu, don in ka yi masa fara'a da yawa sai ya fara tunanin wace kwalbati ce ba ka gina ba. Ni kaina da nake yabonsa, na san in aka karanta masa wannan, abin da zai fara tambaya shi ne me nake nema a wurinsa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne lokacin yaƙin duniya. Akwai wani rafi a hanyar Tambuwal zuwa Kebbe da ke hana motocin auduga wucewa, su da mutanen da ke hawa saman kaya. Aka fitar da kuɗin gada, aka ce a yi ta da giginya sittin, don ita gara ba ta iya mata. Wanda aka ba aikin wani ɗan kwangila ne a Kebbe mai suna Ɗangiwa, shi ne kuma mahaifin Bara'atu, matar Malam Na'Allah. Waɗanda suka shirya haka sun san abin da suke yi. Mutum ba ya kallon surukinsa ido cikin ido, ba ya ambaton sunansa, balle ya tambaye shi ina ya kai kuɗi.

Ranar da Malam Na'Allah ya isa, tun daga nesa ya sauka daga keke, ya tuɓe takalma, ya durƙusa ya gaida surukin, kansa a ƙasa. Ɗangiwa ya shiga gaba yana nuna masa gada. Baƙa ƙirin take, an malala mata kwalta tana ta ƙyalli, har mutanen gari suna cewa ko a Sakkwato babu irinta. Kwaltar ce ta tsaya wa Malam Na'Allah a rai. Giginya ba ta bukatar wannan kwalliya haka, da walakin goro a miya.

Tambayar suruki ba ta yiwuwa, don haka ya tambayi daji. Washegari ya sami wani makiyayi mai suna Atu, ya ce ya nuna masa fadamar da aka sari giginyar gada. Atu ya kai shi. Ya bi kututture ɗaya bayan ɗaya yana ɗora wa kowanne tsakuwa, ya samu goma sha tara. Ya tambaya ko an sara a wani wuri, Atu ya ce shanunsa sun taka ko'ina a ƙasar nan, bai gani ba. Mutumin da ya saba murna in zatonsa ya tabbata, ran nan sai da ya sake zagaye fadamar yana roƙon Allah ya sa shi ne ya yi kuskure. Daga nan ya shiga ƙarƙashin gada da wuƙa ya kankare kwalta. Ɓaure ne da ararrabi, gara har ta fara gini a ciki.

Bai rubuta komai ba tukuna. Ya je wurin Goggo Dada, yayar Ɗangiwa, ya roƙe ta ta gaya wa ƙanenta ya canza itatuwan kafin damina, magana ta mutu a gida. Amsar da ta dawo da ita gajeriya ce: ranar da takarda ta tafi Sakkwato, ranar Bara'atu za ta koma gidan ubanta. Shekararsu tara tare da Malam Na'Allah, Allah bai ba su haihuwa ba, kuma kowa a unguwa ya san yadda yake son matar nan.

Da ya koma gida Bara'atu ta riga ta ji. Ta ajiye masa ruwa ta zauna, ta ce, "Malam, mi kag gani?"

Ya ce, "Sha tara nig gani."

"Ba ka iya ganin sittin, ko don ni?"

Ya ce, "Sau biyu nika zagayawa, wallahi. Ba su ƙaru ba."

Ya rubuta rahoto. Amma da ya zo wurin suna, hannunsa ya ƙi, sai ya rubuta "mahaifin iyalina". Da Di'o, Baturen gunduma, ya ga haka ya ce ai rigimar gida ce, yaro yana son ya rama wani abu a kan surukinsa da takardar gwamnati, har ya fara maganar a dakatar da shi. Ya zo da kansa, ya tara mutane a bakin rafi, ya ce Malam Na'Allah ya faɗi sunan wanda yake zargi. Malam Na'Allah ya sunkuyar da kai bai faɗa ba, sai dai ya miƙa masa wuƙar ya nuna ƙarƙashin gada. Bature ya soka, wuƙa ta shige har ƙota.

Aka rushe gada aka sake ta da giginyar gaske, aka ci Ɗangiwa tara. A wannan makon aka zo aka kwashe kayan Bara'atu. Da maganar raba auren ta kai gaban alƙali, Malam Na'Allah bai ja ba, don ja yana nufin ya tsaya yana musu da surukinsa a gaban jama'a. Har yau a Kebbe akwai masu kiransa marar kunya, akwai kuma masu rantsuwa cewa kasonsa aka hana shi shi ya sa ya tona. Wannan maganar tana ba ni haushi, kuma masu yin ta ba su taɓa shiga ƙarƙashin gada ba.

Kai ne ka ƙi yarda da kowa don mu samu abin yarda, Na'Allah. Kai ne ka ba suruki girmansa, ka ba talaka haƙƙin harajinsa, ka koma gida babu mai cewa sannu da zuwa. Mun zarge ka, mun yi da kai a bayan ido, kuma mun haye lafiya. Mun gode, Allah ya saka maka, ya ba ka abin da aikin nan ya raba ka da shi a inda ba a rabuwa.

Ku kuma samarin da aka ba wannan aiki yanzu, takarda ba ta ƙin tawada, kowa yana iya rubuta sittin. Ku sauka daga mota ku shiga fadama ku ƙirga da kanku, ku kuma sani wani ya yi haka kafinku ya biya da tsada. Bara'atu ta sake aure, tana garin Fakku yanzu da 'ya'ya biyar, babu nasa ko ɗaya. In za su kasuwar Tambuwal, ta kan gadar nan suke bi.