Murfin Tayar da Na Ɗaure da Waya

Shekarun baya, ban daɗe da zuwa birnin Greensboro a ƙasar waje ba, ina aiki a wani shagon taya a Gate City Boulevard. Tun a Jos faci nake yi, don haka ina ji da kaina, gani nake ba abin da taya za ta koya mini.

Akwai abokina, mutumin Damagaram, wanda tseren mota ya shiga jininsa. Ba irin na talabijin ba, na filin laka ne a bayan gari. Shekara guda cur yana haɗa wata tsohuwar mota a wani ƙaramin gari kusa da mu, Summerfield. Irin waɗannan motoci ana rufe musu rim, wato ƙarfen da taya ke zaune a kai, ruf da murfi na faifan ƙarfe, don kada laka ta cika ciki taya ta riƙa girgiza. Noti uku ke riƙe kowane faifai.

Ranar tserensa na farko, ya ce in ɗaura murafen, shi zai je ya sa hannu a takardu. Na ɗaura murfi uku lafiya lau. A na huɗu noti ɗaya ya faɗa cikin laka, na laluba har na gaji. Sai na yi abin da muke yi wa tasi a gida: na samo waya na zura a ramin, na murɗe da filaya. Na ja bakina na yi shiru, har da ɗan yabon kai.

Da motocin suka fita zagayen gwaji na ga gudun, sai na tuna da wayar nan. Kai, tasin Jos ba ta wannan gudu! Faifan nan in ya ɓalle, tashi zai yi kamar wuƙa, ga mutane cike a bakin shinge, matar abokin nawa a layin gaba tana ɗaga masa hannu. Na zauna, na miƙe, na je shinge, na dawo. Na ce wa kaina ai waya ba ta taɓa ba ni kunya ba. Ƙafata dai ta ƙi tsayawa wuri guda.

Motocin sun riga sun jeru lokacin da na ruga wurin mai tutar tayar da tsere, Turancina duk ya watse, na dai samu ya gane. Aka fitar da motar daga layi. Abokina ya cire hular kwano ya dube ni.

"Malam, me ka yi mini?"

Na faɗa masa. Mai duba motoci ya sa yatsa ya taɓa wayar, ta faɗi ƙasa. Ashe ta riga ta tsinke, ramin noti na biyu ma ya fara yagewa. Aka tashi tsere ba shi, yana tsaye yana kallo. Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

Mako biyu bai ɗaga wayata ba. Ran nan sai ga shi a shago, ya dire mini ledar noti a kan tebur.

"Asabar akwai tsere. Kai za ka ɗaura, don kai kaɗai na san za ka tona wa kanka asiri."

Dabarar gida ta ciyar da ni shekaru, ban raina ta ba, amma na san inda ta tsaya. Har gobe akwai noti ɗaya a aljihun rigar aikina, kuma duk murfin da na ɗaura sai na koma na sake taɓa shi.