Rigar Baba Kanumfari

Kafin a laƙaba masa Baba Kanumfari, mai ba shanu abinci ne kawai a gonar madara, kuma a kan aikin gemunsa ya yi fari. Shi ke gauraya dusa, shi ke wanke komin da suke ci a ciki, kuma kowace saniya ya san halinta kamar 'yar da ya haifa.

Wata shekara likitar dabbobi ta zo da ƙananan kwalabe, man kanumfari da na na'a-na'a. Ta ce a riƙa ɗiga kaɗan a dusa, yana gyara musu ciki, kumburi ya ragu. Shanun suka ɗan yi yanga, suka ci abinsu. Ban da 'Yar Gata, tsohuwar saniyar da aka haifa a hannunsa. Ta sunsuna, ta hura hanci, ta ba shi baya. Ana haka nono ya ja baya, haƙarƙari ya fara fitowa.

Mai gonar ya ce, "Baba, ba zan ware wa saniya ɗaya nata abincin ba. In ba ta ci ba zuwa ƙarshen wata, mahauci zai zo."

Baba ya kwana yana juya maganar a ransa. Haba, 'Yar Gata a hannun mahauci!

To, akwai abin da take yi kowace safiya: sai ta cusa hancinta a ƙirjin rigarsa kafin ta kalli komi. Ya tambayi likitar ko zai iya sa man a jikinsa don saniyar ta saba da ƙamshin. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ya sirka da man girki, kuma a riga kawai, don yana ƙona fata.

Daga nan rigar aiki ta zama abin magana. A motar haya mutane na matsawa. Abokan aiki in sun hango shi sai su hau atishawar ƙarya, su ce, "Ga Kanumfari nan!" A gida kuwa matarsa ta toshe hanci ta ce, "Malam, wai ni miji na aura ko kayan miya?" Ta cire rigar daga ƙusar ɗaki ta rataye a waje. Shi dai kullum sai ya saka abarsa ya tafi gona. Da farko saniyar guje masa ta yi, abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Sannu a hankali ta fara matsowa, tana sunsuna tana harara.

Ranar da mahaucin ya iso da igiyarsa, Baba ya tuɓe rigar ya shimfiɗa a kan dusar. 'Yar Gata ta cusa hanci, ta ture rigar gefe, ta fara tauna. Ta cinye tas, har da lasar komi.

Mahaucin ya naɗe igiyarsa yana cewa an ɓata masa safiya. Baba ya tsaya daga shi sai singileti, yana dariya, hawaye na bin gemunsa, bai ko goge ba.

Har yau in baƙo ya kira shi da sunan yanka, sai ya gyara masa: "Kanumfari ake ce mini." Da ya koma gida a ranar da mahaucin ya zo, matarsa ta karɓi rigar duk yawun saniya, ta rataye ta a ƙusar cikin ɗaki.