Mayen Ƙarfen Da Ke Aljihuna

Matata Barira ba ta nan. Shekara ɗaya da wata huɗu ke nan da tukunyar gas ta fashe da ita tana dafa wa yara shayin safe. Ta kwana uku a asibiti, ta cika ranar Laraba.

Ni na sayo tukunyar da hannuna.

Abin da ya fi ci min rai, ni fanalbita ne. Shekara ashirin ina gyaran jikin mota. Na san yadda ake cike ramin tsatsa da fila, a goge, a fesa fenti, ya koma kamar sabo. Amma da na ga tukunyar tana sheƙi, ban duba gindinta ba. Sai bayan an yi bakwai na tsinci wani ɓallinta a tsakar gida, da fila manne a jiki.

Na koma wurin mai shagon da ya sayar min da ita. Ya nuna min rubutun da ke ƙasan rasit, wai kayan da ya fita ba ya dawowa. Duk inda na kai kuka, haƙuri aka ba ni.

Tun daga nan nake yawo da ɗan mayen ƙarfe a aljihu, wanda na cire daga tsohuwar sifika. Da shi muke gwada mota. Yana kama ƙarfe, amma inda aka cike da fila mai kauri, zamewa yake.

Wata rana na shiga kasuwa sayen fenti, sai na ga wata dattijuwa a ƙofar wani shago, ba wancan ba. An fito mata da tukunyar gas shuɗiya, har ta biya, ana neman igiyar da za a ɗaure mata a babur.

Tana ta ba mai shagon labari, bakinta har kunne. Kayan ɗakin autarta take haɗawa, biki saura kwana tara. Wai yarinyar ta ce ita ba za ta yi girkin gawayi a gidan miji ba, 'yan boko an waye.

Na wuce. Sai da na yi taku kamar goma ƙafata ta ƙi tafiya.

Na dawo na gaishe ta, na roƙi ta bar ni in duba tukunyar. Mai shagon ya taso yana tambaya ko ni ma'aikacin gwamnati ne. Ban kula shi ba, na durƙusa.

Na ɗora mayen ƙarfe a kafaɗar tukunyar, ya kama.

Na ɗora a cikinta, ya kama.

Na kwantar da ita na ɗora a gindi, ya zame ya faɗi ƙasa. Na sa makullin babur na kankare wurin. Farin gari ya zubo, tsatsa ta bayyana a ƙarƙashi.

Mai shagon ya ce shi ma haka aka kawo masa, kuma dai Hajiya ta riga ta biya, ga rasit.

Dattijuwar ta dube ni.

"Ɗan nan, wa ya koya maka wannan?"

"Matata, Hajiya. Bayan na binne ta."

Sai ta kwance bakin mayafinta, ta ciro rasit ɗin, ta zauna daram a kan bencin shagon. Ta ce a kira mata shugaban layin, ita da barin nan sai an gwada kowace tukunya a gabanta.

Mutane suka taru. Shugaban ya zo, ya karɓi mayen ƙarfen da kansa. Cikin tukwane goma sha biyu, huɗu suka ƙi kamawa. Ya sa aka kwashe su, aka mayar wa dattijuwar kuɗinta.

Da za ta tafi ta tambayi sunan marigayiyar, ta maimaita shi sau biyu don kada ta manta. Ni ko sunan dattijuwar ban tambaya ba.

Ranar na ci tuwo har na nemi ƙari. 'Yata Ummita ta tsaya tana kallona, don rabon da ta ga na cinye kwano tun mamansu na da rai.

Darasi: Ba kowane mai saye ne zai ci karo da fanalbita a hanya ba. Bai kamata ran amarya ya dogara da abin da ke aljihuna ba. Muna buƙatar doka mai haƙori da za ta sa a gwada kaya kafin su shigo kasuwa, ta hukunta mai fesa wa tsatsa fenti, ta hana rubutun ƙasan rasit rufe bakin wanda aka cuta. In kuma akwai dokar, to ta sauko layinmu mu gan ta.

Ku tura wa duk mai tukunyar gas a gida, da duk mai haɗa kayan ɗaki.

Ku taya ni da amin: Allah Ya jiƙan Barira, Ya sanyaya makwancinta, Ya raya abin da ta bari. Amaryar nan da ban sani ba, Allah Ya sa ta tsufa a ɗakinta.